Tantance Ƙwayoyin Lantarki Kafin a Rufe Su

1.0 Gabatarwa

Wayar salular da ake sarowa a kasuwar Farm Centre ta Kano, a kai ta Ƙiru ko Bebeji, aikinta ya rataya ne a kan ƙwayoyin lantarki, waɗanda masu gyaran waya ke kira "aisi". Baƙin ƙyallen da mai gyara ke gani kwasfa ce kawai. Ƙwayar tana ciki. Wannan maƙala ta bayyana gwajin da ake yi wa ƙwayar kafin a sa mata kwasfa.

2.0 Yadda Ake Gwajin

Ana ƙera ƙwayoyin ne a kan faifan silikon, wanda faɗin manyansa ya kai milimita 300, kuma faifai guda kan ɗauki ɗaruruwa ko dubbai. Ƙwayar ƙura ɗaya tak na iya lalata guda daga cikinsu, shi ya sa ake gwada su tun ba a yanka faifan ba. Na'ura kan ɗora allo mai siraran allurai a kan mahaɗan kowace ƙwaya, ta tura mata lantarki, sannan ta auna amsar da ta mayar. Akan maimaita wannan cikin zafi da sanyi. A da, ɗigon tawada ake yi wa wadda ta gaza. Yanzu kwamfuta ke adana taswirar faifan, ta nuna lafiyayya da gurguwa. Ƙwayoyin adana bayanai kuwa suna da layukan ko-ta-kwana da ake maye gurbin matattu da su.

3.0 Dalilin Gabatar da Gwajin

Manomin masara a Ƙiru ba ya ɗinke buhu sai ya sheƙe ya tsince, domin ɓatacciya kan karya darajar sauran. Haka lamarin yake a nan. Rufewa aiki ne mai tsada, kuma sau da yawa a wata ƙasa ake yin sa: kamfanin TSMC, da aka kafa a Taiwan a 1987, ya shahara da ƙira, yayin da Penang ta Malesiya ta yi suna da rufewa tun zuwan Intel a 1972. A yau akan haɗa ƙwayoyi da dama cikin kwasfa guda, don haka gurguwa ɗaya ta isa ta jawo asarar lafiyayyun.

4.0 Kammalawa

Kalmar "aisi" ba ta bambanta ƙwaya da kwasfarta, alhali gwajin kacokan a kan wannan bambanci ya ginu. Kalmomin faifai, ƙwaya, kwasfa da tantancewa sun wadatar wajen koyar da shi da Hausa, muddin masana suka daidaita su.