Labarin Yanayin Teku: Shirin Rediyon Da Ya Haura Shekara Ɗari A Ingila

A kowane dare, da ƙarfe ɗaya saura minti goma sha biyu, tashar Radio 4 ta gidan rediyon BBC takan karanta wani bayani wanda ba shi da kiɗa a ciki, ba shi da hira, sai jerin sunayen yankunan teku da ƙarfin iska da yanayin ruwan sama. Don masunta da matuƙan jiragen ruwa aka shirya shi, amma mutane masu ɗimbin yawa da ba su taɓa sa ƙafa a kwale-kwale ba sukan kasa kunne su ji shi kafin su yi barci.

Asalin wannan al'amari wani bala'i ne da ya auku cikin watan Oktoba na shekarar 1859, sa'ad da wata gagarumar guguwa ta afka wa gaɓar Birtaniya. Wani jirgi mai suna Royal Charter, wanda ya taso daga Melbon ta ƙasar Ostareliya ya nufi Libaful, ya fashe a kan duwatsun tsibirin Anglesey ana dab da isa gida, mutane fiye da 400 suka halaka. Jimlar waɗanda guguwar ta kashe a ƙasar ta kai kimanin 800.

A lokacin nan shugaban sashen binciken yanayi na Hukumar Ciniki, wanda aka kafa a 1854, shi ne Robert FitzRoy, wani hafsan sojan ruwa da ya taɓa jagorantar jirgin Beagle, wato jirgin da ya zaga duniya da masanin nan Charles Darwin. Da FitzRoy ya duba rahotannin guguwar sai ya tabbata cewa da an iya hango zuwanta. Saboda haka ya sa aka riƙa buga masa wayar tangarahu daga tashoshin gaɓa ana gaya masa yadda iska take da abin da ma'aunin nauyinta ya nuna. Cikin watan Fabrairu na 1861 ya fara aika gargaɗi. In saƙo ya isa tashar jiragen ruwa sai a ɗaga wata alama mai siffar mazurari a kan dogon sanda: tsininta sama, guguwa daga arewa ke nan, tsininta ƙasa kuwa daga kudu.

Aikin bai tafi lami lafiya ba. Jaridu suka riƙa yi masa ba'a duk ranar da hasashensa ya kuskure, wasu masu jiragen kamun kifi kuma suka ƙi jininsa domin ma'aikatansu na ƙin fita in sun ga alamar. FitzRoy ya mutu a 1865, aka dakatar da gargaɗin a 1866. Amma koke-koken mutanen teku suka sa ala tilas aka maido da shi a 1867.

Zuwan rediyo shi ya cike babban giɓin da ya rage, domin a da wanda ya riga ya yi nisa cikin teku ba shi da hanyar ganin alamar gaɓa. A 1924 aka fara watsa shirin bayanin yanayin teku ta rediyo, sannan BBC ta ɗauki shirin a 1925. An tsai da shi zamanin Yaƙin Duniya na Biyu don kada abokan gaba su amfana da shi, aka ci gaba bayan yaƙi.

Ofishin binciken yanayi na ƙasar ne ke rubuta bayanin, kuma yana da ƙa'ida mai tsauri. An kasa tekun da ke kewaye da Birtaniya yanki 31, ana farawa daga Viking kusa da Nowe, a gangaro ta Dogger da Dover, a kewayo ta Fastnet da Rockall, a ƙare a kudu maso gabashin Aisland. Yawanci ba a wuce kalmomi 350. Da farko akan faɗi gargaɗin guguwa, sai bayanin yanayi gaba ɗaya, sa'an nan kowane yanki: inda iska ta fito da ƙarfinta, ruwan sama, da nisan da ido zai iya gani.

Kowace kalma tana da ma'aunin da ba ya sauyawa. Ƙarfin iska ana faɗinsa ne bisa ma'aunin da Francis Beaufort ya tsara a 1805, daga 0 zuwa 12, kuma daga 8 ake kiranta guguwa, wato iska mai gudun kilomita 62 zuwa 74 a awa. In aka ce guguwa na dab da zuwa, ana nufin cikin awa 6. In aka ce ba da jimawa ba, tsakanin awa 6 da 12. In aka ce nan gaba, bayan awa 12 ke nan. Dalilin haka shi ne mai sauraro yana iya kasancewa cikin jirgi mai tangaɗi, yana rubutu da fensir, rediyonsa na shashsheka. Abin da ya faru a tseren Fastnet na watan Agusta 1979 ya nuna tsadar 'yan awoyin nan: jirage 303 suka shiga tseren, guguwa ta same su kafin yawancinsu su sami gargaɗin da zai ba su damar neman mafaka, matuƙa 15 suka rasu.

To, mene ne ya jawo wa shirin farin jini wajen mutanen tudu? Na farko dai muryar mai karatu ce, wadda ba ta gaggawa ko da bala'i take sanarwa. Na biyu sunayen yankunan, waɗanda maimaitawa ta sa suka zama kamar waƙa a kunnen jama'a. Ga kuma wani kiɗa mai taushi, Sailing By, wanda Ronald Binge ya tsara a 1963, da ake sawa kafin karatun dare. Asalin amfaninsa shi ne cike lokaci da taimaka wa matuƙa su kamo tashar. Wanda ke kwance cikin bargo yana jin ruwa na dukan taga yakan tuna akwai wasu can tsakiyar teku, ya ƙara gode wa rufin da ke kansa. Har ma da aka canja sunan yankin Finisterre a 2002, don kada a riƙa rikita shi da wani yanki mai wannan suna na hukumar yanayin Sifen, masu sauraro da yawa sun nuna ɓacin ransu. Sabon sunan da aka ba yankin shi ne FitzRoy, don tunawa da wanda ya kafa aikin.

A yau manyan jirage suna samun labarin yanayi ta tauraron ɗan'adam da intanet da na'urar NAVTEX mai buga saƙo da kanta. A 2024 BBC ta rage yawan karatun daga sau huɗu a rana zuwa sau biyu a ranakun aiki, sau uku a ƙarshen mako. Duk da haka masu ƙananan jirage da dama ba su yar da rediyonsu ba, domin sun san na'ura tana iya mutuwa a tsakiyar ruwa, ƙaramar rediyo mai batir kuwa ba ta bukatar komai sai a murɗa ta kan lokaci.