Nas-Nas Masu Neman Ilmin Wani Fanni Dabam

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin wannan jarida tamu mai farin jini, in yi magana a kan wani al'amari da ma'aikata su ke gardama a kansa. Watau maganar nas-nas, maza da mata, waɗanda bayan sun ƙware a aikin jinya sai su koma jami'a neman digiri na biyu a wani fanni dabam, kamar su ilmin lafiyar jama'a, ko ƙididdiga, ko sha'anin mulki, ko shari'a. Waɗansu suna cewa wannan gudun aiki ne, an bar majinyaci kwance an tafi neman kujera. Ni kuwa ina ganin riba ce ga majinyacin, muddin ilmin ya komo gida.

Da farko mu duba yadda hanyar ta ke. A ƙasar nan, wanda ya fito makarantar jinya da takardar rajista kaɗai ba ya shiga digiri na biyu kai tsaye, sai ya ƙara wani karatun tukuna, galibi digiri na farko. Jami'ar Ibadan ce ta fara koyar da digirin jinya tun 1965, yanzu kuwa jami'o'i da yawa suna yi, har da ta Ahmadu Bello a Zariya da ta Bayero a Kano. To, mutumin da ya bi wannan doguwar hanya, yana aikin dare yana kuma karatu, ga iyali, lalle ba a kira shi rago.

Me ke sa su fita daga fanninsu? Ruwa dai ba ya tsami banza. Nas shi ne ke kwana da majinyaci. Shi ya san magani ya ƙare tun kafin labari ya kai ofis, shi ya san daga wace unguwa a ke ta kawo yara masu amai da gudawa. Amma wurin da a ke yanke shawara, inda a ke raba kuɗi da tsara aiki, ba a jin kowace magana sai ta lissafi da doka. Wanda bai iya su ba, ko da gaskiya tana hannunsa, a bakin ƙofa zai tsaya. Mu akawuna mun san haka sarai, gama takardar da ta zo da alƙaluma ita a ke fara dubawa, mai kuka kawai kuwa ta daɗe a cikin fayil.

Wannan ba baƙon abu ba ne. Florence Nightingale, wadda a ke ɗauka uwar aikin jinya na zamani, ta tafi yaƙin Kirimiya a 1854 da mata 38 domin jinyar sojan Ingila. Ita kuwa ta koyi lissafi tun tana budurwa. Da ta komo sai ta tattara adadin waɗanda suka mutu, ta zana shi yadda kowa zai gane, ta nuna cewa cututtukan ƙazanta, irin su atuni da kwalara, sun kashe soja fiye da raunin fagen fama nesa ba kusa ba. Wannan lissafi ya taimaka ƙwarai wajen sa hukuma ta gyara tsabtar barikoki da asibitoci. A 1858 ƙungiyar masana ƙididdiga ta Landan ta karɓe ta, ita ce mace ta farko a cikinsu, a 1860 kuma ta buɗe makarantar jinya a asibitin St Thomas. Ashe ilmin waje bai raba ta da jinya ba.

A Amurka kuma an yi wata nas baƙar fata, Eddie Bernice Johnson, wadda ta yi aikin jinyar masu taɓin hankali a birnin Dallas. A 1976 ta sami digiri na biyu a sha'anin mulki, a 1992 aka zaɓe ta majalisar wakilan ƙasar, ita ce nas mai rajista ta farko da ta shiga, ta yi shekara 30 a ciki. Mu ma nan gida muna da Kofoworola Abeni Pratt, wadda ta fara da aikin malanta, sa'an nan ta koyi jinya a Landan, ta zama shugabar nas-nas ta Nijeriya a 1965, daga baya kuma kwamishinar lafiya ta Jihar Legas. Wa zai ce waɗannan sun ci amanar majinyata?

Duk da haka, jama'a, masu kuka suna da hujja, kada mu rena ta. A 2024 magatakardan hukumar rajistar nas-nas da unguwarzoma ya ce fiye da nas 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku. Inda nas ɗaya ke riƙe da ɗakin majinyata dukan dare, in aka ba shi hutun ƙaro ilmi ba a kawo wani ba, wa zai juya tsohon da ba ya iya motsi, wa zai lura da mai naƙuda? Kuma akwai wanda ke neman digirin domin ya sami tsanin ficewa kurum, ba ya ko waiwaye.

Amma sai mu bambanta. Wanda ya ga ƙofar ci gaba a buɗe a gida ya fi wuyar ɗaukar jakarsa ya haye teku. In an hana shi karatu, ba zama zai yi ba, tafiya zai yi gaba ɗaya, a yi biyu babu.

Saboda haka ga shawarata. Hukuma ta riƙa ba da hutun ƙaro ilmi bi da bi, kada a kwashe ɗaki ɗaya a lokaci guda, da sharaɗin wanda ya gama zai komo ya yi aiki na waɗansu shekaru. In ya komo kuma a sa shi inda ilminsa zai yi amfani: mai ƙididdiga ya bi diddigin annoba, mai ilmin mulki ya tsara aiki da sayen magani, mai ilmin shari'a ya tsare hakkin majinyaci da na ma'aikaci. Babu ɓarnar da ta kai a kashe kuɗi a koyar da mutum, sa'an nan a ajiye takardarsa a cikin akwati.

Ku kuma 'yan'uwana nas-nas, kafin ku zaɓi fanni ku tambayi kanku wace matsala ce kuka gani a bakin gadon majinyaci wadda wannan ilmi zai warware. Kada ku bar lasisinku ya mutu, kada kuma ku yi wa ɗakin jinya kallon hadarin kaji, gama daga can darajarku ta fito. Malaman makaranta kuma su gaya wa almajiransu, musamman 'yan mata, cewa aikin jinya hanya ce mai rassa da yawa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu jinyarsu da alheri, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.