Motoci Masu Ƙwanji da Tsohuwar Fijo: Wace ce Gwanar Doguwar Tafiya?

A wannan fitowa, shafinmu na kimiyya da fasaha ya leƙa duniyar tsofaffin motoci. Da yawa daga cikinmu mun sha ganin wasu faffaɗan motoci masu ruri kamar zaki a finafinan Amurka, har mu ce ina ma a ce tamu ce. Shin mene ne sirrinsu, kuma wace mota ce takwararsu a ƙasar Hausa?

Su wane ne masu ƙwanji?

Amurkawa suna kiran waɗannan motoci da sunan da ke nufin "masu ƙwanji". Dabarar ƙera su ita ce a ɗauko ƙaton inji a saka shi a jikin mota matsakaiciya. Pontiac GTO ta 1964 ita aka fi ambata a matsayin wadda ta buɗe wannan fage. A shekarar ce kuma aka fito da Ford Mustang, daga baya Dodge Charger da Chevrolet Camaro suka biyo sahu.

Ƙarfin yana fitowa ne daga silinda, wato ramukan da fetur ke ƙonewa a cikinsu ya tura fistin, fistin ya juya ƙarfen da ke kai ƙarfi ga tayoyi. Yawancin ƙananan motocin da muke gani a Katsina silinda 4 gare su. Masu ƙwanji kuwa 8 ne, an jera su huɗu-huɗu kamar harafin V, shi ya sa ake ce wa injin V8. Injin GTO ta farko ya kai lita 6.4, da ƙarfin dawaki 325.

A lokacin fetur yana da arha a Amurka, hanyoyinsu kuma dogaye ne shimfiɗaɗɗu. Fitacciyar hanyar nan mai lamba 66, wadda aka buɗe a 1926, ta tashi daga Chicago har gaɓar teku a California, tafiyar kusan kilomita 3,900. Amma babban inji babban ciki gare shi. Da ƙasashen Larabawa suka hana Amurka mai a 1973, farashi ya tashi, gwamnati ta taƙaita gudu a 1974, kasuwar masu ƙwanji ta faɗi. Yau masu sha'awa ne ke adana su, suna fita da su yawon buɗe ido.

Tamu gwanar

A nan kuwa, tambayi duk wani dattijon direba a tasha, zai ce maka Fijo 504. Kamfanin Peugeot na Faransa ya fito da ita a 1968, ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969. A 1975 aka fara harhaɗa motocin Peugeot a masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna. A wannan shekara ce kuma 504 ta lashe tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ake yi cikin ƙura da taɓo. Gwamnatin soja ta Janar Obasanjo (1976 zuwa 1979) ta mayar da Fijo motar manyan jami'anta, aka ci gaba da harhaɗa 504 a Kaduna shekaru da dama bayan Faransa ta daina.

Injinta silinda 4 ne, lita 2 ko ƙasa da haka, ƙarfinsa bai kai kashi ɗaya cikin uku na GTO ba. To, me ya sa ta yi suna? Na farko, cikinta a ɗage yake daga ƙasa, shokozobanta kuma suna haɗiye ramuka. Na biyu, injinta ba shi da rikitarwa: kafireto ne da fulogi da fanbel, abin da bakanike zai gyara a ƙarƙashin bishiya a Charanchi ko Kankiya ba tare da kwamfuta ba. Na uku, kayan gyaranta suna ko'ina. Da doguwar nan mai layin kujeru uku aka riƙa jigilar fasinja daga Katsina zuwa Kano, Kaduna da Maraɗi, har Legas, tafiyar fiye da kilomita 1,000.

Darasin shi ne, kowace mota da irin hanyar da aka ƙera ta dominta. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Kafin a kama hanya

Masu ƙwanji da Fijo sun haɗu a abu guda: tsohuwar mota sai da lallashi. Ga abin da gogaggen direba ke dubawa kafin ya fita ta Ƙofar Ƙaura ya nufi Kano:

1. Ruwan lagireto. Zafin watan Afrilu yana iya tafasa inji. Idan mota ta ɗau zafi, a tsaya a jira ta huce. Buɗe murfin lagireto da zafinsa yana ƙona fuska.
2. Baƙin mai da man birki.
3. Matatar iska, musamman da hunturu, domin ƙura tana toshe ta, mota ta riƙa shan mai.
4. Taya, har da safaya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna ranar haihuwarta. Idan ka ga 2319, an yi ta a mako na 23 na 2019. Tsohuwar taya tana fashewa a kan kwalta mai zafi ko da zanenta bai goge ba.
5. Jak, sifana, fanbel na ajiya da jarkar ruwa.

Daɗin tafiya kuma ba a taka totur yake ba. Yana cikin tsayawa a yi salla, a sayi tsire ko fura a Gidan Mutum Ɗaya, a ga yadda gonakin gero da dawa suke shimfiɗe har Bichi, direba ya huta, injin ma ya huta.

Inda gizo ke saƙar

Mun san yadda wasu samari ke wasa da mota ranar ɗaurin aure, suna juyi a titi jama'a na shewa. Abin da finafinai ba sa nunawa shi ne lissafin da muke koya a darasin fiziks: idan ka ninka gudu sau biyu, nisan da mota za ta ci bayan an taka birki yakan ninka sau huɗu. Tsofaffin motoci kuma ba su da jakar iska da ke kare ƙirji, birkinsu bai kai na zamani kamawa ba. Dokar hanya ta Najeriya ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a awa cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, kuma Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ba ta ba wanda bai kai shekara 18 ba lasisi.

Don haka idan muka shiga mota lokacin hutu, mu ɗaura bel. Idan direba ya wuce ƙa'ida, mu yi masa magana cikin ladabi: "Baba direba, don Allah a sassauta." Tafiya sannu-sannu kwana nesa.

Duk ɗalibin da ke da tsohuwar Fijo a gidansu, ya tambayi magabatansa tarihinta, ya rubuto ya miƙa wa editanmu. Za mu liƙa mafi kyau a wannan allo. Allah ya kiyaye mana hanya, amin.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida ta Makaranta