Wuƙar aljihu ɗaya tak: yadda doka ke shiga zaɓin a Ingila

Idan aka ce mai tara wuƙaƙen aljihu ya ware guda ɗaya, sau da yawa hannunsa kan kai ga Opinel mai lamba 8, ƙirar gidan da Joseph Opinel ya kafa a yankin Savoie na Faransa a 1890. Mariƙinta na katako ne, ruwanta santimita 8.5, kuma tana da zoben kullewa.

A Ingila, zoben da tsawon ruwan ne matsalar. Dokar 1988 ta yarda a fita da wuƙa mai naɗewa ba tare da hujja ba, muddin kaifinta bai wuce inci 3 ba. Kotuna kuma sun cire mai kullewa daga wannan rangwame, kuma hukuncin yakan iya kai ɗaurin shekara 4. Don haka abar ƙaunar takan zauna a gida, lamba 5 marar zobe ta shiga aljihu.