Lissafi da Sanin Taurari a Zamanin Sarkin Musulmi Bello

Sau da yawa mukan ɗauka cewa boko ne ya kawo kimiyya ƙasar Hausa. Tarihin Wurno ya nuna ba haka ba ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a can a 1837, ya rubuta littattafai a kan magunguna. Da Bature Clapperton ya ziyarce shi a 1824, ya tarar ya san taurari da sunayensu na Larabci. A 1826 ya kawo masa littafin lissafi na Yuklid, sai Bello ya ce sun taɓa mallakar irinsa, gobara ce ta cinye shi.

Saboda haka, mu masu hidima a Wurno, Raba da Goronyo, kada mu ɗauki maƙwabtanmu jahilai. Wanda muka raina iliminsa, da wuya ya saurari bishara daga bakinmu.