Sigarin Lantarki da Bushewar Jiki

'Yan'uwa, wata sabuwar taba ta fara shigowa ƙauyukanmu ta hannun samarin da ke dawowa daga birni. Ana ce da ita sigarin lantarki. Wani mai haɗa magunguna ɗan ƙasar Sin, Hon Lik, ya ƙirƙiro ta a shekarar 2003. Kama take da biro, ba a kunna mata ashana. Batir ne ke ɗumama wani ruwa mai ƙanshi, mutum ya zuƙi tururinsa.

Tururin ruwa ne kawai?

Haka masu sha suke faɗi, amma ba gaskiya ba ne. Yawancin abin da ke ciki gilisarin ne da wani sinadari mai suna furofilin gilaikol, sai nikotin da kayan ƙanshi. Waɗannan biyun na farko masu janyo laima ne, kamar yadda gishiri yake jiƙewa da damina. Idan suka bi ta baki da maƙogwaro, sai su tsotse danshin wurin. Shi ya sa mai sha yake fama da bushewar baki, ƙaiƙayin maƙogwaro da ƙishirwa. Nikotin kuma yana sa zuciya ta yi sauri, ya kama mutum har ya kasa bari.

Me ya sa ya dame mu?

Miyau ne ke wanke baki. Idan ya ƙaranta, haƙora su lalace, baki ya yi wari. Ga kuma zafin bazara da aikin gona, inda gumi ya riga ya rage ruwan jiki. Mu lura da waɗannan alamu: fitsari kaɗan mai duhu, ciwon kai, jiri da kasala.

Me za mu yi?

1. A kai mutum inuwa, a riƙa ba shi ruwa mai tsabta kaɗan-kaɗan.
2. Idan akwai zawo ko amai, a haɗa ruwa lita 1, sukari ƙaramin cokali 6 da gishiri rabin ƙaramin cokali.
3. Idan ya rikice ko ya kasa sha, a hanzarta zuwa asibiti.
4. A nisanta ruwan tabar daga yara, gama guba ne idan suka haɗiye.

Shan ruwa yana rage ƙishirwa, amma ba ya kawar da lahanin. Magani shi ne a daina. Iyaye da shugabannin matasa, mu zauna da 'ya'yanmu cikin haƙuri, mu raka mai son bari wurin ma'aikacin lafiya.