Kuɗi kaɗai ba ya renon yaro: Abin da aka gano a ƙauyukan jihar Maraɗi

Duk ɗan ci-ranin da ya taɓa tura kuɗi gida daga Kano, Legas, Tamanrasset ko Tripoli ya san irin kwanciyar hankalin da ke biyo baya. An sayi hatsi, an biya bashi, an yi wa yara ɗinkin salla. Sai dai akwai tambayar da ba a cika yi ba a waya: shin kuɗin na sauya yadda ake renon yaran da aka baro a gida?

Wani bincike da aka gudanar a ƙauyukan gundumomin Agye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi a Jamhuriyar Nijar ya amsa wannan tambaya, kuma amsar ba za ta yi wa kowa daɗi ba.

Jika goma a wata

A shekarar 2011 ne gwamnatin Nijar, da tallafin Bankin Duniya, ta ƙaddamar da shirin agaza wa gidaje masu ƙaramin ƙarfi. Kowane gida da aka zaɓa yana karɓar jika goma ta Sefa duk wata har tsawon wata 24, kuma a hannun mata ake damƙa kuɗin.

Amma shirin bai tsaya ga kuɗi ba. An haɗa shi da horar da iyaye kan renon ƙananan yara na tsawon kimanin shekara ɗaya da rabi. Duk wata akwai abubuwa uku: taron gari wanda ma'aikacin wata ƙungiya mai zaman kanta ke jagoranta, zaman ƙaramin rukuni na iyaye mata tare da mai faɗakarwa daga cikin garin, sai kuma ziyarar gida-gida. Taron garin na kowa ne, har da waɗanda ba sa karɓar kuɗin.

Darussan sun shafi shayar da jariri nono zalla har wata shida, haɗa wa yaro abinci iri-iri, wanke hannu da sabulu, kwana cikin gidan sauro da yi wa yaro takardar haihuwa. Sai kuma ɓangaren da ya fi zama baƙo ga mutane da yawa: yi wa jariri magana tun bai iya amsawa ba, yin wasa da shi, da kuma gyara masa kuskure ba tare da duka ko zagi ba.

Ƙuri'a ce ta raba gardama

Domin a gane abin da ke aiki, an raba ƙauyukan gida uku ta hanyar ƙuri'a. Wasu sun samu kuɗi kawai, wasu kuɗi da horo, wasu kuma ba su samu ko ɗaya ba a wannan zagayen. Ƙananan hukumomin Maraɗi da abin ya shafa su ne Cadwa a gundumar Agye, Gangara a Gazawa, da Gidan Sori da Saye Sabuwa a Gidan Rumji, tare da wasu biyu a jihar Doso.

Masu binciken, Patrick Premand na Bankin Duniya da Oumar Barry na Jami'ar Cheikh Anta Diop da ke Dakar, sun wallafa sakamakon a wata mujallar masana tattalin arziki a 2022.

A inda aka ba da kuɗi kawai, gidaje sun samu sauƙin abinci, manya sun sayi abubuwan buƙatunsu, amma yadda ake renon yara bai sauya ba, haka ma ci gaban yaran. A inda aka haɗa da horo kuwa, iyaye sun sauya hali ta fuskar ciyarwa, kula da lafiya, wasa da yara da kuma kare su. Abincin yara ya inganta, wato wani kaso na abin da ke shiga gida ya karkata zuwa kwanon yaro. An kuma ga ci gaba, duk da cewa matsakaici ne, a halayyar yaran da yadda suke hulɗa da mutane. Hatta maƙwabtan da ba sa cikin masu karɓar kuɗin sun ɗauki wasu daga cikin darussan.

Sai dai horon bai ƙara wa yaran tsawo ko nauyi ba, kuma ba a ga bambanci a gwajin kaifin ƙwaƙwalwa ba. Tamowa da tsumburewa na da nasaba da ruwan sha, zazzaɓin cizon sauro, gudawa da nisan asibiti, abubuwan da taron wata-wata ba zai iya magance su shi kaɗai ba.

Bulala da kunya

Batun duka ba ƙaramin abu ba ne a Nijar. Binciken ƙasa kan lafiyar al'umma na 2012 ya nuna cewa kusan yara takwas cikin goma na fuskantar horo mai tsanani a gida, ko dai duka ko tsawa da zagi. Shi dai wannan bincike ya nuna cewa mace ɗaya a jihar Maraɗi na haihuwar 'ya'ya fiye da takwas a matsakaicin lissafi, sama da na ƙasa baki ɗaya wanda ya kai 7.6.

Uwar da ke goye da jariri, tana da na yaye, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga itace, ga maigida ya tafi ci-rani tun bayan girbi, ba lallai ba ne mugunta ce ke sa ta ɗaga tsumagiya. Sau da yawa gajiya ce, da kuma rashin sanin wata hanyar.

Akwai kuma al'ada. A ƙasar Hausa uwa kan yi kunyar ɗan fari, ba ta kiran sunansa, ba ta wasa da shi a gaban mutane. Yaye ma a wurare da yawa rana ɗaya ake yin sa, a kai yaro gidan kaka. Waɗannan abubuwa na da tushe, kuma a gidan gandu kaka da gwaggo da yayye kan cike gurbin. Matsalar na tasowa ne idan gidan ya watse, ko aka koma birni aka kama hayar ɗaki ɗaya, inda babu kakar da za ta yi wa jika tatsuniya.

Masu kare bulala kan kafa hujja da cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Masana halayyar yara ba su musanta karin maganar ba, a kan hanyar tanƙwarawar ce suka bambanta. Bincike a ƙasashe da dama ya danganta yawan duka da ƙaruwar taurin kai da faɗa a tsakanin yara. Abin da irin waɗannan shirye-shirye ke koyarwa shi ne a yaba wa yaro idan ya yi daidai, a kafa masa doka ƙwaya ɗaya da zai gane, a janye hankalinsa daga ɓarna kafin ta kai ga duka.

Riba mai jinkiri

Wani tsohon gwaji a ƙasar Jamaika ya nuna cewa amfanin irin wannan aiki kan ɗauki lokaci kafin ya fito. A 1986 da 1987 aka fara kai ziyarar mako-mako gidajen wasu yara tsumburarru a birnin Kingston, ana koya wa iyayensu mata wasa da hira da su har shekara biyu. Bayan kimanin shekara 20, waɗannan yaran sun fi takwarorinsu da ba a ziyarta ba samun kuɗin shiga da kusan kashi 25 cikin 100.

Shirin Nijar bai kai na Jamaika yawan ziyara ba, domin sau ɗaya ne a wata ake shiga gida. Amma ya nuna cewa gwamnati na iya isar da irin wannan horo zuwa ƙauyuka masu yawa ta hannun mutanen gari.

Gurbin da ya rage shi ne na iyaye maza. Mata ne suka fi zama a rukunonin horon, alhali maigida ne ke riƙe da rumbu. Nijar na da abin koyi a cikin gida: Makarantar Mazaje, wadda Asusun Kula da Yawan Al'umma na Majalisar Ɗinkin Duniya ya fara a jihar Damagaram, inda magidanta ke zama su tattauna lafiyar matansu.

Ga uban da ke nesa, wayar da yake tura kuɗi da ita ce dai za ta iya kai muryarsa kunnen ɗansa ɗan shekara biyu. Bayan ya tambaya ko saƙo ya iso, yana iya tambayar me yaron ya ci yau, wa ke wasa da shi, kuma me ake yi masa idan ya yi ɓarna.